An kai ƙanwata asibiti saboda ɓacin rai, yanzu ana ce mata mai taɓin hankali

Assalamu alaikum, Anti. Ina rubuto miki ne a kan ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara 29 da yara uku. Wata biyu da suka wuce ta gano cewa mijinta ya ɗauki sarƙa da awarwaron zinare da ta gada daga mahaifiyarmu, ya sayar ba da saninta ba, ya haɗa lefen auren da zai ƙara. Da ta yi magana sai aka ce kishi ne kawai yake cin ta. Ta yi kwana uku tana kuka, ba ci ba barci, a dare na uku ta farfasa tangaran ɗinta, ta ce gara mutuwa da irin wannan zama, sannan ta yanke jiki ta faɗi. Mijin da yayarsa suka kai ta sashen gaggawa na wani asibiti, aka yi mata allura, ta kwana biyu tana barci, aka sallame ta da magunguna iri uku da katin komawa ganin likitan ƙwaƙwalwa. Mu danginta ba a sanar da mu ba sai washegari.

Tun daga lokacin, duk sadda ta ɗago maganar zinarenta sai a ce mata, "Kin sha maganinki kuwa?" Uwar mijin tana yaɗawa a unguwa cewa tana da taɓin hankali, har an fara cewa idan ta matsa za a sake ta a karɓe yaran. Yanzu tana gidana, kullum a kasalance, bakinta yana bushewa, wani lokaci kuma wuyanta ya sandare. Ba a koma asibitin ba, a kemis muke sake sayen magungunan. Kawunmu ya ce a zubar da su a kai ta wurin malami, maigidana kuma ya ce a ci gaba da sha. Anti, shin ƙanwata ta sami taɓuwa ne da gaske, ko kuwa an mayar da baƙin cikinta ciwo? Me ya kamata in yi?

Daga wata yaya mai neman mafita.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya kuma saka miki da alheri bisa riƙon zumunci.

Zan fara da gajeriyar amsa domin hankalinki ya ɗan kwanta. Abin da kika kwatanta bai isa a ce ƙanwarki tana da taɓin hankali ba, kuma kwana biyu a gadon asibiti ba hukunci ba ne a kan hankalin kowa. Sai dai ban yarda da shawarar Kawu ta a zubar da magungunan yau ba, kamar yadda ban yarda da ta maigidanki ta a ci gaba da sayensu a kemis ba tare da likita ya sake duba ta ba. Matsaloli biyu ne a gabanku aka cakuɗa su wuri ɗaya, wato lafiyar ƙanwarki da haƙƙinta da aka ci. Ta farkon aikin likita ce. Ta biyun kuwa babu allurar da ke maganinta, kuma muddin aka bar katin asibiti ya zama amsar duk wani ƙorafinta, za a ci gaba da yi mata maganin abin da ba shi ne asalin damuwarta ba.

Yana da kyau ki fahimci abin da ya faru a wancan dare, domin kada fushinki ya sauka a kan wanda bai kamata ba. Duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa, wanda jama'a suka fi sani da imajensi, ya san yadda wurin yake da ƙarfe biyun dare. Likita ɗaya ne ko biyu, galibi matasa, ga wanda aka kwaso daga hatsarin mota jini yana zuba, ga yaro yana jijjiga, ga dattijon da hawan jini ya kayar, ga 'yan'uwa sun cika baranda kowa yana roƙon a duba nasa. A cikin wannan hayaniya aka shigo da mace da ta kwana uku ba ta runtsa ba, tana kuka tana fizge-fizge, aka kuma ce ta ambaci mutuwa. Tambayoyi biyu ne kacal a kan likitan a wannan sa'a. Ta farko, ko akwai wata cutar jiki da ta rikita mata kai, kamar faɗuwar sukari, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko taifot, ko wani abu da ta sha. Ta biyu, ko za ta iya cutar da kanta ko wani kafin gari ya waye. Idan ya yi mata allurar da ta sa ta barci, ya tabbatar ta kwana lafiya, ya kuma rubuta mata katin komawa, to ya yi abin da aka gina wurin domin a yi. Ina ma iya cewa mijin bai yi laifi ba da ya kai ta, domin matar da ta faɗi sumammiya bayan ta ambaci mutuwa asibiti ne wurinta.

Inda matsalar take shi ne wanda ya ba da labarin. Marar lafiyar da aka kawo a rikice ba ta iya bayanin kanta, saboda haka likita yana dogara ne da wanda ya rako ta, kuma wanda ya rako ƙanwarki shi ne mutumin da rikicin ya taso daga gare shi. Da wuya ya tsaya gaban likita ya ce, "Na sayar da gadonta ne." Abin da zai faɗa shi ne ta daina cin abinci, ta daina barci, tana fashe-fashe, tana maganar mutuwa, kuma duk wannan gaskiya ne, sai dai gaskiya ce da aka yanke mata kai. Idan aka cire dalili daga halin da mutum ya shiga, abin da ya rage kama yake yi da cuta. Ga shi kuma fayil ɗin asibiti yana da gurbin da dole a cike da sunan ciwo, takardar magani tana jiran a rubuta mata wani abu, dangi suna tsaye suna jiran a ba su abin da za su riƙe a hannu, domin a wurinmu likitan da ya sallami mutum ba ƙwaya ba allura ana ganin bai yi aiki ba. Ta wannan hanya rikicin aure, ko bashi, ko korar aiki, ko faɗuwa jarrabawa, yake shiga asibiti da dare a matsayin matsalar rayuwa, ya fito da safe da sunan cuta. Likitan gaggawa ba shi da ikon dawo da zinare, ba shi da lokacin kiran waliyyai, abin da ke cikin ikonsa shi ne magani, shi kuwa yake bayarwa.

Kada ki ɗauka wannan damuwa tamu ce kaɗai, domin manyan likitocin ƙwaƙwalwa na duniya sun daɗe suna jayayya a kan inda baƙin ciki na ɗan Adam ya tsaya da inda cuta ta fara. A Amurka, kundin da likitocinsu suke bi wajen sanya wa cututtukan ƙwaƙwalwa suna ya kasance yana hana a yi gaggawar kiran wanda aka yi wa rasuwa mai ciwon damuwa a cikin wata biyun farko, sai dai idan alamun sun yi tsanani. A shekarar 2013 aka cire wannan togaciya, kuma Allen Frances, likitan da ya jagoranci rubuta bugun da ya gabata, yana cikin waɗanda suka fito fili suka soki matakin, bisa hujjar cewa zai sa a riƙa rubuta wa masu makoki magani. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a bugu na 11 na kundinta na sunayen cututtuka da ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta ɗauke ruɗewar da mutum kan shiga na 'yan sa'o'i ko kwanaki bayan wani mummunan al'amari daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, ta mayar da ita babin abubuwan da kan kai mutum asibiti ba tare da sun zama cuta ba. Akwai kuma wani matsakaicin hali da kundin ya ambata, na wanda ya kasa jure wani sauyi ko wata musiba har abin ya hana shi harkokinsa, wanda yawanci yakan warware cikin wata shida, sai fa idan abin da ya jawo shi yana nan bai gushe ba. Ki lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin shi ne ya fi shafar ƙanwarki. Wanda ya taka ƙaya, ko an ba shi maganin kashe zafi, ba zai taka ƙasa daidai ba sai an cire ƙayar.

Amma dole in ja miki kunne a ɗaya ɓangaren, kuma wannan ya fi duk sauran maganata muhimmanci. Samun dalilin baƙin ciki ba ya hana mutum kamuwa da ciwon damuwa na gaske, hasali ma irin wannan cin amana yana cikin abubuwan da suka fi jawo shi. A ƙasarmu waɗanda suke da ciwon ba su sami magani ba sun fi waɗanda aka ba magani ba su da ciwon yawa nesa ba kusa ba, don haka ba na so ki fita daga kuskure ɗaya ki faɗa wani. Ki lura da ita yanzu da take gidanki, nesa da inda abin ya faru. Idan ta wuce mako biyu kusan kullum a cikin ƙunci, ba ta jin daɗin komai har da yaranta, tana farkawa tun kafin asuba ta kasa komawa barci, tana ramewa, tana ganin kanta ba ta da amfani ko ita ce mai laifin komai, to wannan ciwo ne mai buƙatar magani, ko an dawo da zinaren ko ba a dawo da shi ba. Idan tana jin muryoyin da babu mai jin su, ko tana faɗar abubuwan da ba su da tushe ta kuma kafe a kansu, ko ta kwana da kwanaki ba barci amma tana cike da kuzari da surutu, wannan ma wani babi ne na daban da ba a jinkiri da shi. Idan ƙaraminta bai kai shekara ba, ki faɗa wa likita, domin watannin bayan haihuwa lokaci ne da mace ta fi saurin kamuwa.

Kalmar nan ta "gara mutuwa" kuwa, kada ki bari kowa ya ce miki faɗar ɓacin rai ce kawai. Mai yiwuwa hakan ne, amma hanyar sani ɗaya ce, wato ki tambaye ta. Ki zauna da ita ku biyu, bayan yara sun yi barci, ki ce mata a fili, "Har yanzu tunanin kashe kanki yana zo miki? Kin taɓa tunanin yadda za ki yi?" Mutane suna tsoron cewa irin wannan tambaya tana sa wa mutum ra'ayin abin, alhali binciken masana ya nuna ba ta yin haka, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin mai ɗauke da wannan tunani yakan ji kunyar furta shi saboda addini da idon jama'a. Idan ta amsa, kada ki tare ta da wa'azin wuta, ta san hukuncin tun tana Islamiyya, abin da take buƙata shi ne wanda zai ji ta. Kafin nan ki kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da duk wani maganin feshi na gona ko na sauro daga inda hannunta zai kai, ki kuma karɓi magungunanta ki riƙe a wurinki kina ba ta na kowace rana. Idan ta ce tana da niyya ko ta tsara hanya, kada a bar ta ita kaɗai, ku koma sashen gaggawa a wannan rana, kuma a wannan karon ke ce za ki ba da labari.

Yanzu ga maganar magungunan. Ba ki ambaci sunayensu ba, amma alamun da kika lissafa sanannu ne. Sandarewar wuya, wani lokaci har da karkacewar harshe, ko juyewar idanu sama, ko rawar hannu da dalalar miyau, suna daga illolin magungunan kwantar da rikicewa irin su halofiridol da wanda aka sani da Largactil. Abin takaici shi ne dangi kan ga waɗannan alamu su ce ga shaida nan ciwon ya yi ƙarfi, ko su ce iska ce, alhali aikin ƙwayar ne, kuma likita yana iya gyara shi ta hanyar rage magani ko sauya shi. (Idan sandarewar ta zo da zazzaɓi mai zafi ko ruɗewa, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi.) Bushewar baki da nauyin jiki kuwa sun yi kama da aikin amitiriftilin, tsohon maganin damuwa mai araha da ake yawan rubutawa, wanda yake da amfani idan akwai ciwon, amma yana da haɗari ga zuciya idan aka sha da yawa lokaci guda, kuma wannan ne dalilin da na ce ki riƙe shi a hannunki. Na ukun ba mamaki na barci ne, dangin Valium ko Lexotan. Waɗannan an yi su ne domin 'yan kwanaki, ƙa'ida ita ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu, domin jiki yana sabawa da su har ya kasa barci sai da su. Tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa ba da irinsu domin rage firgici a watan farko bayan wata musiba. Ƙanwarki ta yi wata biyu tana sha, kuma wanda ya kai haka ba a yanke masa rana ɗaya, domin yankewar na iya jawo rashin barci mai tsanani da fargaba har da jijjiga. A hankali ake janyewa, bisa tsarin likita.

Kuskuren da ya fi girma a labarinki, a ganina, shi ne rashin komawa asibiti. Takardar da aka rubuta a daren gaggawa ta 'yan kwanaki ce, an yi ta ne domin ta kai marar lafiya zuwa ranar da za a zauna da ita a natse, sai ga shi ta zama abin da ake kai wa mai kemis duk mako. Ku koma cikin wannan makon. Idan kuna shakkar inda aka fara kai ta, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano, kuma duk suna duba masu zuwa su koma gida. Ki sani cewa likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, saboda haka layi zai yi tsawo, lokacin ganawa kuma zai yi kaɗan, sai ku tafi a shirye. Ki rubuta labarin a takarda ɗaya bi da bi, yadda take kafin abin ya faru, ranar da ta gano an sayar da zinaren, abin da aka faɗa mata, daren da aka kai ta, da yadda take tun da ta dawo gidanki. Ku tafi da kwalayen magungunan duka. Ki roƙi a ba ta dama ta gana da likita ita kaɗai, ba miji ba dangin miji, ke ma ki fita idan ta fi son haka, kuma ki gaya mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi, idan akwai duka ko barazana ko wani abin da ba ta taɓa faɗa muku ba, nan ne wurin faɗarsa.

Kafin ku fito ki tabbata kun sami amsar wasu tambayoyi daga bakin likitan. Mene ne sunan abin da yake ganin yana damunta, da Hausar da za ku gane? Kowace ƙwaya me take yi, kuma har zuwa yaushe za a sha? Wacce za a fara janyewa? Akwai mai ba da shawara ta hanyar tattaunawa da za a haɗa ta da shi? Ki kuma nemi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin, domin manyan asibitoci suna da ma'aikatan da aikinsu shi ne irin wannan matsala ta gida da ta biyo marar lafiya, sai dai mutane ƙalilan ne suka san da su. Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga zamanin Turawa, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙin a yi masa bayani, a sa shi cikin shawarar maganinsa, a kuma kiyaye sirrinsa.

Batun yara shi ne na san yana hana ku barci, to ki kwantar da hankalinki. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na Arewa suke bi, uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙon yara bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Gaskiya ne hankali yana cikin sharuɗɗan mai riƙo, kuma na tabbata wannan ne ya sa ake ta maimaita kalmar taɓin hankali a unguwa. Amma wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja, kuma katin kwana biyu a sashen gaggawa ba ya tabbatar da cewa mace ba za ta iya kula da 'ya'yanta ba. Ko da an ɗauka uwa ta gaza, riƙon yana komawa ne ga danginta mata tukuna, kakar yaran ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwar, wato ke kanki, kafin a zo ga dangin uba. Wannan ma wani dalili ne na komawa asibiti, domin rahoton ƙwararren likita da ya zauna da ita ya ji cikakken labari shi ne garkuwarta idan magana ta kai gaban alƙali. Gudun asibiti saboda tsoron suna shi ne yake barin takardar farko ta zama ita kaɗai ce shaida.

Sai asalin maganar, wadda kowa yake kewaye ta. Ƙarin aure haƙƙin mijin ne, ba kuma shi ne abin tuhuma ba, ko da yake babu macen da za a ce kada ta ji zafinsa. Abin tuhuma shi ne dukiyar mace tata ce a Musulunci, gadonta da sadakinta da abin da ta nema, miji ba shi da ikon taɓa ko zobe ɗaya sai da yardarta. Wanda ya kira neman wannan haƙƙi kishi, sannan ya koma ya kira shi ciwo, yana guje wa biyan bashi ne. Nan ne Kawu yake da aikin da ya fi zubar da magani. Ya haɗa baffanninku, su nemi zama da manyan dangin mijin, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Ku tattara abin da zai tabbatar da mallaka, wato waɗanda suka halarci rabon gadon mahaifiyarku, da takardar rabon idan an rubuta, da hotunan bukukuwan da take sanye da sarƙar, da rasit idan yana nan. Abin da za a nema a zaman shi ne ya amsa ya ɗauka, a ƙiyasta nauyin zinaren da kuɗinsa a kasuwar yau, a rubuta yadda zai biya a gaban shaidu, a kuma daina yaɗa maganar hauka. Idan zaman gida ya gagara, akwai Hisba a jihohin da take aiki, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa hali, akwai kuma kotu. Ki tambayi ƙanwarki abin da ita take so kafin kowane mataki, domin wata biyu ke nan ana yanke hukunci a kanta ba a tambaye ta ba.

Kada ki raina tasirin wannan a kan lafiyarta. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya fara wani shiri a Harare a 2006, inda aka horar da dattawan mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su jera matsalolinsu, su zaɓi ɗaya, su tsara yadda za su tunkare ta. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida waɗanda suka yi irin wannan zama sun fi waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba samun sauƙi. Tun kafin nan, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana, domin ya lura mutum ya fi saurin warkewa a cikin jama'a. Abin da kike yi mata yanzu, ɗaki da abinci da kunnen sauraro, yana cikin maganin, kuma ranar da ta ga danginta sun tashi tsaye a kan haƙƙinta za ki ga bambanci a fuskarta.

Game da malami, babu saɓani tsakanin addu'a da asibiti. Ta riƙe azkar da karatun Alƙur'ani, a yi mata tofi a gida idan tana so, malamin kirki ma yana iya zama cikin masu sulhu. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kai ta inda za a ce aljani ne ya fasa tangaran, a yi ta duka ko turare ko ɗauri, ko a ce sai ta bar maganin likita. Wannan ma wata hanya ce ta ɗora laifin a jikinta a bar wanda ya sayar da zinaren yana shirin angwanci.

Za a matsa muku a kan ta koma ɗakinta kafin biki, domin kada a ce uwargida ta yi yaji. Shawarata ita ce kada ta yanke hukuncin komawa ko na neman rabuwa alhali magungunan barci suna danne da ita, a bari likita ya gyara mata su kanta ya washe tukuna. Idan ta zaɓi komawa, a sa cikin takardar sulhun cewa katin asibitinta da magungunanta suna hannunta ko hannunki, cewa ba mai hana ta zuwa ganin likita ranar da aka ba ta, kuma idan wani abu ya sake tasowa da dare, za a kira ki ko Kawu kafin a fita da ita daga gida ko a kan hanya.